Akwati cikin akwati: me ya sa shafina ke matsewa a waya?

Tambaya: Assalamu alaikum, Malam. Ina sayar da barguna da rigunan sanyi a kasuwar Terminus, na kuma buɗe shafi da WordPress. Kowane kaya na sa shi a akwatinsa, akwatunan kuma cikin ginshiƙai uku. A kwamfuta lafiya lau, amma a waya rubutun ya matse, farashin wani kaya ƙato, na wani ɗan mitsitsi. In na gyara nan, can ya lalace.
Daga wata mai karatu, Unguwar Rogo, Jos

Amsa: Wa alaikumus salam, Hajiya. Tun da WordPress ya kawo tsarin tubala (blocks, wato akwatunan da ake haɗa shafi da su) a Disambar 2018 mutane ke faɗawa wannan rami, don kowane tubali yana zuwa da maɓallan kwalliyarsa, hannu kuwa ba ya haƙuri.

Launin rubutu da nau'in haruffa da girmansu gadonsu ake yi. In kin sa su a babban akwatin waje, duk na ciki za su ɗauka, sai wanda kika riga kika yi wa nasa da hannu. Shi wannan ba zai ƙara jin maganar na waje ba har sai kin danna masa Reset. Ina zargin nan farashinki suka rarrabu.

Tazarar gefe kuwa ba a gadonta, taruwa take yi, kamar mai sa rigar sanyi uku a kan juna. Akwati uku, kowanne da tazarar fiksel (ma'aunin faɗi a allon waya ko kwamfuta) 30, sun cinye 90 ta dama, 90 ta hagu. A wayar da faɗinta 360 ne, rabi kawai ya rage wa rubutu. Ki bar tazarar a akwati ɗaya, sauran ki mayar da su sifili.

Ki buɗe List View, wato jerin tubalan shafin, ki ga wane ne ke cikin wane. Sau da yawa za a tarar da Group (akwatin da ke tattara wasu tubala) biyu da ba su tsinana komai, a fitar da su.

In jigon shafinki (theme, wato tsarin kamanninsa) na tubala ne, ki saita launi da girman haruffa sau ɗaya a Styles, inda ake saita kwalliyar shafin gaba ɗaya. Daga nan ki gyara akwatin bargo ɗaya ya yi yadda kike so, ki adana shi a matsayin Pattern, wato samfuri, ki riƙa ɗauko shi ga kowane sabon kaya. Kada dai ki bar masa Synced a kunne, in ba haka ba farashin da kika canza a bargo ɗaya zai bi sauran duka.