Layar da Inna ta kawo

Ɗan'uwa, ka ce bara aka yi maka baftisma, yanzu ɗanka yana fama da zazzaɓi, Inna kuma ta zo daga ƙauye da laya daga wurin boka, ta rantse ba za ta ƙara cin tuwon gidanka ba in ba ka ɗaura masa ba. Kana tambaya ina 'yancin da Almasihu ya ba mu, tunda ga ka cikin wuya.

'Yancin ba saye ka yi ba, amma riƙe shi yana da tsada. Shi ya sa manzo Bulus, a wasiƙarsa da ke cikin Littafi Mai Tsarki, ya ce wa Galatiyawa (5:1) su tsaya daram, kada su sake sa wuya cikin karkiyar bauta. Su matsalarsu ita ce ana matsa musu sai sun yi kaciya bisa dokar Yahudawa. A Antakiya kuwa har manzo Bitrus ya janye daga cin abinci da waɗanda ba Yahudawa ba, don tsoron mutanen da suka zo daga wurin Yakubu, jagoran masu bi a Urushalima, sai da Bulus ya tsawata masa ido da ido. Matsin 'yan'uwa ya taɓa lanƙwasa manzo, balle mu.

Ni ma, saboda bin Almasihu, kawuna shekara biyu bai amsa gaisuwata ba. A bikin ƙanwata ma, ƙwarya daban aka zuba mini fura. Har yau abin yana sukata.

Kada ka jefar da layar a gabanta, tsoro ne ya sa ta, ba mugunta ba. Ka durƙusa ka ce, "Inna, na gode, amma ba zan ɗaura ba." Sannan ka kai yaron asibiti yau a gwada jininsa, sauron damina a Sakkwato ba wasa ba. In za ku yi addu'a, bar shi a kan cinyarta.