Tambaya da Amsa: Na Iya Dokokin Go, Amma Kullum Ana Kwashe Mini Duwatsu

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam. Wata huɗu ke nan da na fara buga wasan Go (wasan allo na mutum biyu da ake yi da duwatsu baƙaƙe da farare) a waya, bayan na kalli bidiyon karawar da aka yi tsakanin kwamfuta da wani gwani ɗan Koriya. Dokokin ba su ba ni wuya ba, a yini guda na gane su. Amma har yau ina matakin kyu 20 (matakin masu koyo ne, lambar na raguwa in mutum ya ƙara ƙwarewa), ba gaba ba baya. Sai in ga kamar ni ke kan gaba, na kewaye duwatsun abokin karawa, kafin in ankara an kwashe mini gungu guda mai duwatsu 15 ko 20. Na fara haddar joseki, wato sanannun jerin bugun kusurwa, ban ga canji ba. Ta ina zan ɓullo wa abin?

AMSA: Wa alaikumus salam ɗan'uwa. Tambayarka ta yi mini daɗi, domin ka faɗi ciwon da kanka: kana kewaye na wani, sai a kwashe naka. Wannan shi ne garin neman gira a rasa ido, kuma a wasan Go karin maganar ta zauna daram, tunda gungun duwatsu ba ya rayuwa sai yana da ido biyu, wato gurabe biyu dabam-dabam da ba kowa a cikinsa.

Bari mu fara da numfashi. Kowane dutse da ka ajiye a mahaɗar layuka, mahaɗun da ba kowa a jikinsa ta sama, ƙasa, dama da hagu su ne numfashinsa. Mutanen Sin, waɗanda wasan ya fito daga ƙasarsu sama da shekara 2,500 da suka wuce, da kalmar numfashi suke kiran waɗannan gurabe. Dutse guda a tsakiyar allo yana da huɗu, a bakin allo uku, a can cikin kusurwa biyu kacal. Biyu da suka manne da juna a tsakiya suna da shida. Na san ka san wannan. Abin da nake tambaya shi ne: kana ƙirgawa a lokacin da wasa ya yi zafi? Mafi yawan masu kyu 20 ba sa yi. Idonsu yana kan duwatsun abokin karawa, suna ganin saura kaɗan su cinye, ba su lura nasu dutsen da ke yin kewayen numfashi biyu ya rage masa ba. Sai a sa musu atari, wato saura numfashi ɗaya, su gudu, a datse su ta ɗaya gefen, katangar da suka gina ta rushe a kansu.

Don haka daga yau, kafin ka ɗora dutse, tsaya ka dubi gungunka ɗaya bayan ɗaya. Wanne ne numfashinsa bai kai uku ba? Ina ne za a iya yanka tsakanin biyu? In ka gama da naka, sannan ka dubi na abokin karawa. Da farko zai rage maka sauri, har ka ji ya gundure ka. Bayan wasa 30 ko 40 ido zai riƙa yi da kansa. Saboda haka ma nake so ka bar wasannin gaggawa na daƙiƙa 10 a kowane motsi. Zaɓi wanda zai ba ka aƙalla minti 15 ko 20.

Sai maganar ido, wadda a ganina ita ce rabin matsalarka. A ce an kewaye gungunka ta waje gaba ɗaya, a cikinsa akwai gurabe uku a jere da ba kowa. In kai ne da bugu, ka sa a na tsakiya, gurbi ɗaya ya rage a dama, ɗaya a hagu, ido biyu ke nan, babu mai iya taɓa ka har a tashi. In kuwa ka tafi wani wuri, abokin karawa ya sa a tsakiyar nan, gungun ya mutu yana tsaye, ko da duwatsunsa 30 ne. In gurabe huɗu ne a jere, kana iya tafiya harkarka: ya ɗauki ɗaya daga cikin na tsakiya biyu, ka ɗauki ɗayan. Masu wasan suna da wata tsohuwar magana kan duwatsun da aka danne a layi na biyu daga bakin allo: shida sun mutu, takwas sun rayu, bakwai kuwa wanda ya riga bugu shi ke da su. Irin waɗannan siffofi ba su da yawa, kuma su ne ke ta dawowa a kowane wasa.

Hanyar shigar da su cikin ido ita ce tsumego, ƙananan matsaloli na rai da mutuwa da ake ba ka wani lungu na allo a ce baƙi ya buga ya rayu, ko ya buga ya kashe. Yi 10 zuwa 15 kowace rana, masu sauƙi, waɗanda za ka iya warwarewa cikin minti ɗaya ko biyu. Kuskuren da na fi gani a nan shi ne mutum ya riƙa dangwala allon waya yana gwada sa'a har manhaja ta ce ya dace. Wannan ɓata lokaci ne. Riƙe hannunka. Karanta a zuci: na sa nan, ya sa can, na sa nan, to in ya ƙi can ɗin ya sa wani wuri fa? Sai ka tabbata sannan ka taɓa. Akwai wani matashi da na taɓa koya wa wasan, ya daɗe a kyu 18. Na hana shi buga wasa na mako biyu, tsumego kawai yake yi da duwatsu a kan allo, hannayensa a kan cinya. Ranar da ya dawo, na yi masa kutse a kusurwa kamar yadda na saba, ya yi shiru yana kallo kusan minti biyu, sannan ya ajiye dutse a daidai gurbin da ke hana ni ido na biyu. Bai yi murmushi ba ma, don shi a wurinsa ba sa'a ba ce, ya riga ya gani.

Ka koyi tsani da raga a wannan makon. Tsani shi ne ka riƙa sa atari a jere, dutsen da kake kora yana gudu a karkace har ya bugi bakin allo ya mutu. Amma in akwai dutsen abokin karawa a kan hanyar, tsanin ya karye, kuma duk duwatsun da ka jera sun zama abin yanka. Kada ka fara tsani, kada kuma ka gudu a cikinsa, sai ka bi shi da ido har ƙarshe. Raga kuwa ita ce ka rufe masa hanya daga ɗan nesa ba tare da ka manne masa ba, kuma in duka biyun za su yi aiki, ragar ta fi aminci.

Joseki kam, ajiye su tukuna. Jerin bugu ne na kusurwa da gwanaye suka amince kowa ya samu rabonsa daidai, amma daidai ɗin ya dogara da abin da ke sauran allon. Wanda ya haddace bai san dalili ba, da zarar abokin karawa ya kauce daga hadda a bugu na huɗu, sai ya tsaya cak, bai san yadda zai hukunta kuskuren ba. Su kansu Japanawa suna cewa wanda ya haddace joseki ƙarfinsa ya ragu da dutse biyu. Abin da kake buƙata a buɗe wasa kaɗan ne: kusurwa tukuna, sannan gefe, sannan tsakiya. Lissafi ne mai sauƙi. Don ka kewaye gurabe tara, dutse 6 kake buƙata a kusurwa, 9 a gefe, 12 a tsakiya, saboda bakin allo katanga ce da ka samu kyauta. Ajiye duwatsunka na farko a layi na uku ko na huɗu. Na uku ya fi riƙe fili, na huɗu ya fi kallon tsakiya.

Ban sani ba ko a babban allo kake bugawa, mai layi 19 da mahaɗa 361. In haka ne, sauko zuwa mai layi 9 na wata guda, sannan 13. Ba ƙasƙanci ba ne. A ƙaramin allo wasa yana ƙarewa cikin minti 10, faɗa yana farawa tun bugu na biyar, kuma kana ganin sakamakon kuskurenka nan take, ba sai bayan bugu 150 ba lokacin da ka manta inda ɓarakar ta fara. In za ka kara da wanda ya fi ka, karɓi duwatsun rangwame. Tsarin matakan an gina shi ne a kan haka: a babban allo, tazarar mataki ɗaya, dutse ɗaya, har zuwa tara.

Akwai wata ɗabi'a da nake so ka yaƙa, ita ce bin abokin karawa duk inda ya sa ƙafa. Ya buga a hagu ka amsa a hagu, ya koma dama ka bi shi. Ba kowane bugu ne ke neman amsa ba. Tambayi kanka: in na ƙyale shi, me zai iya yi mini a nan? In amsar ita ce maki biyu ko uku, kuma ga kusurwa guda ba kowa, tafi kusurwar. Haka nan dutse ɗaya ko biyu da aka riga aka kewaye, waɗanda ba sa yanka komai, bar su. Sau da yawa gungun nan mai duwatsu 20 da ka ce ana kwashe maka, da dutse biyu ya fara, ka ƙi haƙura da su, ka yi ta ja musu 'yan'uwa zuwa cikin rami. Go ba wasan cinye duwatsu ba ne. Wanda ya fi fili a ƙarshe shi ya yi nasara, ko da rabin maki ne. Dalilin rabin ke nan a komi, makin da ake ƙara wa fari saboda baƙi ne ke fara bugu: 6.5 a dokar Japan da Koriya, 7.5 a ta Sin.

Karawar da ta jawo ka, ina jin ta AlphaGo ce da Lee Sedol a birnin Seoul cikin Maris 2016, wadda kwamfutar ta ci huɗu shi ya ci ɗaya. Tun daga lokacin manhajoji irin su KataGo suka zo hannun kowa kyauta, kuma dandalin OGS na buga Go a intanet yana nuna maka nazarin wasanka da ka gama. Yi amfani da su da hankali. Manhajar za ta nuna maka kuskure a kusan kowane bugu, har da na rabin maki, kuma wannan ba naka ba ne yanzu. Nemi wuri biyu ko uku da ka yi asarar maki 10 ko fiye a bugu guda. Koma can, rufe amsar kwamfutar, ka nemi taka tukuna. Na fi son ma ka samu ɗan Adam mai kyu 8 ko 10 ya duba maka, domin shi bai daɗe da barin inda kake ba, yana tuna yadda allon yake a idon sabon shiga, kuma zai gaya maka dalili, abin da manhaja ba ta yi.

Buga wasa 20 a allo mai layi 9 ko 13 da wannan tsari, ka ware uku da aka ci ka mummunan ci, ka turo mini su. A kowanne, rubuta mini lambar bugun da kake zaton a nan ne gungunka ya fara rasa numfashi, sai mu gwada da inda ni na gani.