Abokin aikina ɗan Sikh ne, ko zan iya cin abincinsu?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ina tuƙin babbar mota a Brampton ta ƙasar Kanada. Abokin aikina na naɗa rawani, ga gemu har ƙirji, na ɗauka Musulmi ne sai ya ce shi Sikh ne. Ya gayyace ni cin abinci a wurin ibadarsu. Wane addini ne wannan, kuma ya halatta in je?

Amsa: Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Ɗan'uwa, ba kai kaɗai rawanin nan ya ruɗa ba. A Satumba 2001 wani ya harbe ɗan Sikh, Balbir Singh Sodhi, a jihar Arizona ta Amurka don ya zaci Musulmi ne.

Addinin ya samo asali ne a yankin Punjab daga Guru Nanak, wanda aka haifa a 1469 a garin da yau ke cikin Pakistan. Jagorori goma suka yi. Na ƙarshensu, Gobind Singh, shi ya kafa ƙungiyar Khalsa a 1699, wadda mabiyanta ba sa aski, suna riƙe da mashaci, awarwaron ƙarfe, gajeren wando da ƙaramar wuƙa. Kafin mutuwarsa a 1708 ya mayar da jagorancin ga littafinsu, Guru Granth Sahib. Babban wurin ibadarsu na birnin Amritsar a Indiya, kuma a Kanada kaɗai ƙidayar 2021 ta samu sun haura 770,000.

Suna cewa Ubangiji ɗaya ne, ba su da gumaka, har akwai baitocin wani sufi Musulmi, Shaikh Farid, a littafinsu. Nan mutane ke ruɗewa. Amma ba su bin manzancin Annabi (SAW), kuma sun yarda rai na sake dawowa duniya a wani jiki. Don haka su ba Musulmi ba ne, ba kuma Ahlul Kitabi ba.

Wannan ya yanke hukuncin nama: yankansu ba ya ciwuwa, domin sassaucin aya ta 5 a Suratul Ma'ida na Yahudu da Nasara ne. Ga shi kuma sare wuyan dabba suke yi da sara ɗaya, alhali mai littafin Risala, Ibn Abi Zaid, ya ce abin da aka yanka ta ƙeya ba a cinsa. Su ma, ka sani, 'yan Khalsa sun haramta wa kansu yankan Musulmi, don haka kada ka ji haushi in ya ƙi naman layyarka.

Abincin da ya gayyace ka kuwa, wanda suke kira langar, babu nama a ciki: gurasa ce da shinkafa da wake da kayan lambu, ana raba wa kowa kyauta. Asalinsa halal ne, kuma ya tabbata Annabi (SAW) da sahabbai sun yi amfani da ruwan salkar wata mushrika. Aya ta 8 a Suratul Mumtahana ta halatta kyautata wa wanda bai yaƙe mu ba.

Abin da na hana ka biyu ne. Kada ka sa goshi a ƙasa gaban littafinsu kamar yadda suke yi, sujada ta Allah ce kaɗai. Kada kuma ka karɓi ɗan alkaki mai laushi da suke rabawa bayan addu'a, karah parshad, domin yana cikin ibadarsu. Ka tsaya a zauren cin abinci, ka cire takalmi, ka rufe kanka. In iliminka bai yi ƙwari ba har kana tsoron shubuha, ku ci a gida ya fi.

Wallahu a'alam.