Ƙararrawar ɓarayi ba ta shan wuta daga piriz

Ka ce: “Maigida, akwai piriz kusa da inda za mu kafa akwatin ƙararrawar a gidan nan na Karkada, me zai hana in soka fish kawai?”

Yarona, kar ka soma. Piriz na kowa ne. Gobe wani zai zare fish ɗin ya sa cajin waya, ko uwargida ta jona firigo, ƙararrawa ta koma kan batir har ya ƙare ba wanda ya sani. Ɓarawon ma da ya san hanya, fish ɗin zai fara nema. Haka kuma kar ka ɗauko wuta daga layin fitila bayan makunni.

Layinta daban za ka ja mata daga tabulo, wato akwatin rarraba wutar gida. Sa mata ƙaramin disjonkter (makunnin da ke yanke wuta da kansa in ta yi yawa) nata na amfa 2, ka ja waya mai kaurin 1.5 cikin bututu har cikin akwatin. Ja ko ruwan ƙasa ita ce faz, wato mai ɗauke da wuta, shuɗiya notur, wato mai mayar da ita, mai kore da rawaya ta ƙasa. Kafin ka taɓa komai kashe babban disjonkter, ka auna da miltimetir. Sukuddireba mai ƴar fitila tana yin ƙarya, kuma a tsofaffin gidajen Birni launin waya ba shaida ba ne.

Wutar NIGELEC bolt 220 ce, amma allon ƙararrawa ba ya shan ta kai tsaye. Cikin tiransfo faz da notur suke shiga, shi ya sauke ta zuwa wajen bolt 16 ko 18. Ka kuskura ka kai 220 bakin allo, ya ƙone nan take, babu gyara. Wayoyin na'urorin ƙofa da na motsi kuwa, kar su kwana bututu ɗaya da wayar kuran, in ba haka ba jiniya za ta riƙa ihu tsakar dare babu ko kyanwa. In dole su haɗu, su gitta juna kawai.

Yanzu batir, don a Damagaram shi ne rabin aikin. Mai bolt 12, 7Ah ake sawa. Bayan ka ba da wuta, auna wayoyin caji kafin ka jona shi: ka ga tsakanin bolt 13.6 da 13.8. Ƙasa da haka ba zai cika ba, sama da haka zai kumbura. In dukan na'urorin suna jan miliamfa 300, a lissafi ya wuce awa 20, amma in batir ɗin sabo ne ke nan. Zafi yana cin irin wannan batir: duk ƙarin digiri 10 bisa 25 yana rage kwanansa da kusan rabi. Ka tuna zafin Afrilu, ka nisanta akwatin daga bangon yamma da ƙarƙashin kwano. Rubuta ranar da ka sa shi a jikinsa.

Ba ɗaukewar wuta ke kashe allo ba, dawowarta ce, da tsawar damina. Sa abin kariyar tsawa a tabulo. Amma ba ya aiki sai da wayar ƙasa ta gari, kuma ƙasarmu yashi ce bisa dutse, don haka ka kafa sandar inda akwai laima, ka auna.

Jiniyar waje tana da nata batir, jona ta a ƙarshe, ka sanar da maƙwabta. Sannan ka sauke ƙaramin disjonkter ɗin, ka buɗe ƙofa. In ta yi kuka babu kuran, mai da wuta ka rufe akwati.