Tambaya da Amsa: Matasa Sun Matsa Wa Fastonmu Ya Fito Takarar Kansila

TAMBAYA: Gaisuwa mai yawa tare da fatan alheri. Ni shugabar zumuntar mata ce a wata ikkilisiya da ke bayan garin Kafanchan. Shekara uku ke nan da mutanen unguwarmu, Kirista da Musulmi, suka naɗa fastonmu shugaban kwamitin ci gaban unguwa. A ƙarƙashinsa aka gyara taransifomarmu da ta ƙone, aka farfaɗo da rijiyar burtsatse, aka kuma sasanta rikicin fili tsakanin wasu gidaje biyu. Yanzu matasa sun matsa masa ya fito takarar kansila, su kuwa wasu dattawan ikkilisiya suna cewa ko kwamitin ma bai kamata ya riƙe ba, domin kiwon tumakin Ubangiji aka kira shi. Mata sun zuba mini ido, ni kuma na rasa bakin da zan bi. Mene ne daidai?
Mai karatu daga Kafanchan

AMSA: Mama, muna amsa gaisuwa, kuma sannu da ɗawainiyar mata. Maganganu biyu ne aka cuɗe miki a wuri ɗaya, shi ya sa kanki ya ɗaure. Shugabancin kwamitin unguwa daban, riƙe tutar jam'iyya daban, kuma a ganina dattawan sun yi kuskure a ta farko, matasan kuma sun yi gaggawa a ta biyu.

Fasto mazaunin unguwa ne kamar kowa. Idan aka ɗauke wuta gidansa ma duhu yake kwana, idan rijiya ta lalace matarsa ma sai ta nemi mai kura, saboda haka ba shiga sharo ba shanu ya yi ba da ya karɓi kujerar da maƙwabtansa suka miƙa masa. Dattawan sun san annabi Irmiya ya umarci Isra'ilawa da ke zaman bauta a Babila su nemi lafiyar birnin da suke ciki, su kuma yi masa addu'a, to ina ga mutumin da ke zaune cikin danginsa da abokan arzikinsa? Abin lura a wasiƙarki shi ne Musulmin unguwa sun yarda ya shugabance su. Wannan amana ba a sayenta a kasuwa, kuma ita ce jarin da duk sauran maganar ke tafiya a kansa.

Jiharku ta Kaduna ta ga abin da irin wannan amana ke iya yi. Fasto James Wuye ya rasa hannunsa a faɗan addinin da ya biyo bayan rikicin Zangon Kataf a 1992, lokacin yana jagorantar matasan Kirista, shi kuma Imam Muhammad Ashafa yana ɗaya ɓangaren, inda ya rasa malaminsa da 'yan'uwansa. A 1995 mutanen nan biyu suka haɗu, daga baya suka kafa cibiyar sasanci tsakanin mabiya addinai, kuma suna cikin waɗanda suka yi faɗi-tashi har shugabannin addini 22 suka sa hannu kan yarjejeniyar zaman lafiya ta Kaduna a watan Agustan 2002, zamanin Gwamna Ahmed Makarfi. Ba zan ɓoye miki ba, watanni kaɗan bayan nan an sake zubar da jini a garin kan gasar sarauniyar kyau, domin takarda ita kaɗai ba ta kashe wuta. Duk da haka sun ci gaba, har suka shiga tsakani a Yelwan Shendam ta jihar Filato bayan kashe-kashen 2004. Haka ma Bishop Matthew Kukah na Sakkwato, wanda ya kasance mamba a kwamitin Oputa na binciken take haƙƙin ɗan Adam da Shugaba Obasanjo ya kafa a 1999, sannan ya yi aiki tare da Janar Abdulsalami Abubakar a kwamitin zaman lafiya da ya sa 'yan takarar shugaban ƙasa suka ƙulla alkawarin kauce wa tashin hankali a zaɓen 2015. Babu ɗaya daga cikinsu da ya yi wannan aiki daga kan kujerar da aka zaɓe shi, kuma da a ce suna ɗauke da katin jam'iyya, da wuya ɓangarori biyu su zauna su saurare su.

To, sai batun takara. Dokar ƙasa ba ta hana fasto tsayawa zaɓe ba, kuma a arewa ba sabon abu ba ne. Tun a shekarun 1950 Fasto David Lot na Panyam ya jagoranci ƙungiyar siyasa ta Middle Zone League. Rabaran Fada Moses Adasu ya mulki Binuwai daga 1992 zuwa 1993, kuma a zamaninsa jami'ar jihar ta fara aiki. Rabaran Jolly Nyame ya yi gwamnan Taraba a wancan lokacin, ya sake yi daga 1999 zuwa 2007, amma a 2018 kotu a Abuja ta yanke masa ɗaurin shekara 14 kan almundahanar kuɗin jiha, kotun ɗaukaka ƙara ta rage zuwa 12, kafin a yi masa afuwa a 2022. Duk wanda ya bi labarin a lokacin ya san cewa da kalmar Rabaran ake fara kiran sunansa a kowace sanarwa, wato ikkilisiya ma ta sha rabonta na kunyar. Shi kuwa Fada Hyacinth Alia, tun kafin ya ci zaɓen gwamnan Binuwai a 2023, bishop ɗinsa na Gboko ya dakatar da shi daga hidimar firist a bainar jama'a a 2022, domin dokar Katolika ba ta yarda limaminta ya riƙe muƙamin mulki ba. Sauran ɗarikoki kowace da nata tsarin, don haka kafin a ƙara cacar baki, magatakardan ikkilisiyarku ya ɗauko kundin tsarin ɗarikar a karanta abin da ya ce.

Dalilin da ya sa nake ganin matasan sun yi gaggawa shi ne, a Najeriya ba a tsayawa takara sai a ƙarƙashin jam'iyya. Ranar da fastonku ya sayi fom, daga ranar rabin waɗanda ke zaune a bencin majami'a sun zama 'yan adawarsa, kuma duk wa'azin da ya yi a kan gaskiya ko zalunci za a riƙa auna shi da ma'aunin kamfen. Wadda mijinta ke bin wata jam'iyya za ta yi nauyin baki wajen kai masa matsalar aurenta. Limamin masallacin da suke zama tare a kwamiti zai fara taka-tsantsan, don kada a ce ya sayar da jama'arsa. Sannan kamfen kuɗi yake ci, kuma tun da albashin fasto ba zai ɗauki fosta da motocin haya da abincin wakilai ba, dole wani mai hali ya zuba, kowa kuwa ya ci ladan kuturu sai ya yi masa aski. Ko Dokar Zaɓe ta 2022, a sashe na 92, ta hana a mai da wuraren ibada dandalin yaƙin neman zaɓe, kuma ko da yake hukumar zaɓe ta jiha ce ke shirya zaɓen kansila, hikimar da ke cikin wannan hani ba ta canza ba. Idan har ya ji a ransa cewa siyasa ce hanyarsa, to ya sanar da shugabannin ɗarikarsa, ya sauka daga bagade da kujerar kwamitin gaba ɗaya, ya shiga fage kamar kowane ɗan ƙasa, domin taura biyu ba ta taunuwa.

Akwai kuma abin da ya kamata a karɓa daga bakin dattawan, ko da ba haka suka faɗe shi ba. Na taɓa zama a wata unguwa inda wani fasto mutumin kirki ya karɓi aikin tara kuɗin gyaran taransifoma. Gida-gida yake bi da yamma da littafin rubutu irin na 'yan makaranta, yana rubuta sunan mai gida da abin da ya bayar, ya dawo ya zuba kuɗin a cikin durowar da yake ajiye baikon ranar Lahadi. Bai ci ko kwabo ba, amma da gyaran ya yi jinkiri, a teburin mai shayi aka fara cewa da kuɗin wuta aka sayi sabon kwanon rufin coci, kuma sai da ya shekara yana wanke kansa. Manzanni ma da ƙorafi ya taso a Urushalima kan rabon abincin gwauraye, mutum bakwai suka sa jama'a ta zaɓa su riƙe aikin, su kuma suka tsaya kan addu'a da koyarwa.

Saboda haka, Mama, abin da za ki kai gaban mata da dattawa shi ne a bar Baba Fasto a kan kwamitinsa, amma a sa masa iyaka. Kada kuɗin unguwa ya kwana a hannunsa: a naɗa ma'aji, zai fi kyau ya kasance daga cikin Musulmin unguwar, a buɗe asusu a banki wanda sai mutum biyu sun sa hannu, a riƙa karanta lissafi a gaban mai unguwa duk bayan wata uku. A riƙa yin taro a ƙofar gidan mai unguwa ko a makarantar firamare maimakon harabar majami'a. A kuma ƙayyade wa kujerar wa'adi, tun da a yawancin ɗarikokinmu ana yi wa fasto canjin wurin aiki, kuma bai dace rijiya ta sake mutuwa don an mai da mutum ɗaya wani gari ba. Dattawa suna da haƙƙin tambayarsa ko zaman kwamiti ya fara cin lokacin ziyarar marasa lafiya da ajin masu shirin baftisma, idan kuwa ya fara, sai ya rage.

Su kuma matasan da ke ɗokin samun kansila nagari, ki tambaye su ko a cikin waɗanda suka yi shekara uku suna bin fasto zuwa ofishin wuta da sakatariyar ƙaramar hukuma babu wanda ya koyi aikin. Idan akwai, shi ya kamata su tura, kuma fasto ya yi masa addu'a irin wadda zai yi wa abokin karawarsa idan shi ma ya zo neman albarka.