Kada ka bari a yi mata fomat, haruffa ne kawai suka ɓata

Wa alaikumus salam ɗan'uwa. Wallahi ina karanta tambayarka sai da gabana ya faɗi don na san wannan masifar. Ka ce kana neman fili a laftof ɗinka mai Ubuntu (wani nau'in Linux da ake ɗorawa a maimakon Windows) sai ka goge abin da ke cikin /usr/share/fonts, wato foldar haruffa, da umarnin gogewa na sudo rm, da ka sake kunnawa ko'ina sai 'yan akwatuna a maimakon rubutu, wani lokacin ma ba ta kai ka wurin sa kalmar sirri, kuma wani ya ce maka sai fomat. To don Allah don Annabi kada ka ba kowa ita tukuna. Fayilolinka suna nan lafiya lau, babu abin da ya taɓa su, haruffan da take zana rubutu da su ne kawai babu.

Ni yaron da yake koyon aiki a shagona ne ya yi min irin wannan, ya kwafo wani umarni a intanet wai zai rage kaya. Ban ma ga laifinsa sosai ba, yaro ne. Wanda har yau in na tuna shi raina ke ɓaci shi ne mai gyaran da na kai wa. Mutumin nan ko minti biyu bai yi yana kallonta ba ya ce ai wannan ta mutu, dama wa ya ce ka sa wannan abin na 'yan boko. Na ce masa malam akwai aikin mutane a ciki, ka cire min su kafin ka taɓa komai, ya ce ba damuwa je ka ka dawo bayan la'asar. Na dawo na tarar ya ɗora min Windows ya shafe komai, har yana murmushi yana nuna min hoton da ya sa a fuskar sikirin wai ya yi kyau ko? Akwai furojet ɗin wata ɗaliba 'yar ajin ƙarshe da na buga mata har babi na huɗu, akwai katunan ɗaurin aure na mutane da ba su karɓa ba. Na ce ina fayilolina, ya ce ai ban gane kana nufin duka ba. Duka fa! Kuma ya karɓi kuɗinsa cif bai rage ko sisi ba. Yarinyar nan ta zo washegari da takardunta na rubutun hannu a leda, ta tsaya a bakin kantar shago ba ta ce min uffan ba sai hawaye, wallahi gara a ce zagina ta yi. Haka na zauna dare da rana na sake bugawa daga farko da janareta, man ma daga aljihuna. Daga baya da wani a nan cikinmu ya yi min bayani na gwada da gangan a wata tsohuwar kwamfuta, na goge haruffan na dawo da su, kafin shayi ya huce an gama. Ranar ne haushin ya dawo min sabo.

To ga abin da za ka yi. Kunna ta, in ta tsaya a inda take tsayawa ka danna Ctrl da Alt da F3 tare, wasu laftof ɗin sai ka haɗa da Fn. Baƙin allo zai fito da rubutu fari kuma za ka iya karanta shi, saboda shi ba ya amfani da waɗancan haruffan da ka goge, nasa daban ne. Rubuta sunan da kake shiga da shi da ƙananan baƙaƙe, sannan kalmar sirri. Ba za ka ga komai ba lokacin da kake rubuta ta, ko tauraro ba ya fitowa, kada ka ce kibod ya lalace, ci gaba kawai ka danna Enter.

Kana buƙatar intanet. Mafi sauƙi ka jona wayarka da igiyar caji ka kunna USB tethering, yawanci da kanta take kamawa. In Wi-Fi ne ka rubuta nmtui ka zaɓi naka da kibiyoyi. Kada ka ji tsoron data, na farkon nan 'yan megabait ne kaɗan. Sai ka rubuta:

sudo apt update

sudo apt install --reinstall fontconfig fontconfig-config fonts-dejavu-core fonts-ubuntu fonts-liberation

sudo fc-cache -fv

Wannan --reinstall ɗin shi ne duk maganar, kada ka manta da shi. In ka bar shi za ta ce maka "is already the newest version" ta ƙi yin komai, ka yi ta mamaki. Dalili kuwa rm fayil yake gogewa amma bai sanar da apt ba, wato manhajar da ke ɗora kaya a Ubuntu tana riƙe lissafinsu, kamar rajistar aji ce, sunayen yara na nan a rubuce amma ajin wayam. Dole sai ka ce mata na sani, sake sauko da su. Bayan nan sudo reboot, insha Allahu za ka ga rubutu ya dawo.

Af, kafin ma duk wannan, in kana da filashi ko hadis na waje ka fara kwashe muhimman kayanka daga nan baƙin allon. Umarnin nan ba ya taɓa su, amma ni tun abin can ba na yarda da kowa, har da kaina. Kuma kada ka ɓata lokaci kana neman su a kwandon shara, abin da rm ya ɗauke ba ya bi ta can.

Sauran haruffan da ba su dawo ba, rubuta dpkg -S /usr/share/fonts zai jero maka sunan duk kunshin da yake da kaya a foldar nan, sai ka bi su da --reinstall ɗin nan. Wannan ka bari sai fuskar kwamfutar ta dawo, ya fi daɗin yi. Ka lura da fonts-noto-cjk, na rubutun Sin da Japan da Koriya ne kuma shi ne mai nauyi, in data ta yi ƙasa ka tsallake shi. In kuwa ba rm kaɗai ka yi ba, ka taɓa apt remove ko purge a kan wani daga cikinsu, to maganar ta ɗan canza, don wani lokaci yana jan wasu manyan abubuwa su tafi tare da shi. Duba /var/log/apt/history.log za ka ga duk abin da aka cire, sannan ka yi sudo apt install ubuntu-desktop ya dawo da abin da ya ɓace. Masu Linux Mint kuma in kun kunna Timeshift, mai ajiye kwafin yadda kwamfuta take a baya, ku koma baya kawai ku huta, amma fa fonts-ubuntu da sauran duk haka sunansu yake a wurinku.

In intanet ta ƙi gaba ɗaya, filashin da ka ɗora Ubuntu da shi ma ya isa. Ka tashi kwamfutar da shi ka zaɓi gwaji ba ɗorawa ba, ka kula sosai a nan, sai ka kwafi /usr/share/fonts na filashin ka zuba a na hadis ɗinka.

Wani abu kuma tunda mu masu buga Hausa ne, bayan sun dawo ka gwada ƙ da ɗ da ɓ a LibreOffice, manhajar buga rubutu. Salon haruffa na DejaVu Sans yana da su, Noto Sans ma haka, amma da yawa daga cikin masu ƙyale-ƙyalen nan da muke saukewa don katin biki ba su da su, sai ka ga harafi ɗaya ya fita daban a tsakiyar kalma. Irin waɗannan ka riƙa zuba su a ~/.local/share/fonts, ba ya buƙatar sudo, kuma ko ka goge shi duka kwamfuta ba za ta ji a jikinta ba. Maganar fili kuwa sudo apt clean ka fara yi, shi yake share kunshin da apt ya sauko da su ya ajiye, ka kuma leƙa foldar Downloads.

Gwada ka gani, in wani layi ya yi maka gardama ɗauki hoton baƙin allon da waya ka turo nan, ina kan layi har bayan isha'i.