Tana ba ta wanke gubar dagwalon masana'antar fata

Tambaya: Malam, ina noman rani kusa da Tamburawa. An ba mu dagwalon kamfanin jima daga Challawa kyauta, muka saka masa tana don ta mayar da shi taki. Wani mai ba da horo ya ce za ta cinye gubar ƙarƙaf. Yanzu tanar ta yi yawa, ina ba kajina, yarana kuma suna cin ƙwan. Hankalina ya ƙi kwanciya.

Amsa: Ɗan'uwa, daga yau kada kajin nan su ƙara cin tanar, yaran kuma a dakatar da ba su ƙwan.

Wallahi na gaji da jin wannan magana. Kullum sai wani ya zo min da ita daga bakin masu horon WhatsApp da ba su taɓa kai ko cokali ɗaya na ƙasa ɗakin gwaji ba. Kuromiyam da ake jima da shi, da dalma da kadmiyam, ƙarafa ne, ba sa ruɓewa kamar kashin shanu. Tana dai takan kwashe su ta tara a naman da ke kewaye da hanjinta, ta ɗaure su da wani furotin, shi ya sa za ka gan ta da rai tana motsi a ƙasar da ke cike da guba. Kadmiyam ɗin jikinta ma yakan ninka na ƙasar da take ciki. Ta mutu a cikin tulin, ya koma takin. Kaza ta ci, kadmiyam ya taru a hanta da ƙoda, dalma ta shiga ƙwai. Ga wani abin da ba sa faɗa: tulin yana raguwa in ya ruɓe, ƙarfen kuwa yana nan daram, don haka mudu ɗaya na takin da ya nuna zai iya fin ɗanyen dagwalon guba. Wai baƙin taki mai laushi shi ne shaidar tsarki! Dalma ba ta da wari. A 2010 ta kashe yara sama da 400 a ƙauyukan Zamfara, iyaye suna zaton zazzaɓi ne.

Kada ka zuba takin a alayyahu, latas ko kabeji. Kada kuma ka ƙona shi, wuta tana mayar da kuromiyam nau'in da ke jawo ciwon daji. Ɗebi takin da ƙasar gonarka ka kai sashen nazarin ƙasa na Jami'ar Bayero a auna ƙarafan nan uku. Yaran kuma a kai su asibiti, ka faɗi a fili cewa gwajin dalma a jini kake so, don ba ya cikin gwajin da aka saba yi.